Hannun Da Ba A Miƙawa

Salamu alaikum jama'ar kirki, har da waɗanda gulma ce ta kawo su, duk ku shigo, tabarmar tana da faɗi. Masu shirin zagina ku ɗan riƙe bakinku tukuna, akwai wurin da zagin zai fi muku daɗi a gaba.

Sunana Ummakulsum. A gida Uwani ake ce min, don sunan kakata na ci, Baba kaɗai ne yake cewa Uwata. Shi ne Malam Isyaku magatakardan kotun alƙali, wanda in ya fito daga gidanmu na Fagge da rawaninsa da jakar takardu, har masu faɗa a bakin famfo sai sun sassauta murya. Gidanmu gidan malamai ne tun kaka da kakanni, kuma ba a bari ka manta ko na wuni guda. In maroƙi ya tsaya a ƙofar gida da kalangu, tun bai buga ba ake miƙa masa goro a ce ya ƙara gaba. Baba cewa yake kowa da abin da Allah ya ba shi, wasu an ba su ganga, mu tawada aka ba mu. Ko shantu ba a taɓa kaɗawa a tsakar gidanmu ba.

To ni, 'yar wannan gida, da aka sa wa ranar aure bayan Takutaha ta bana, alif ɗari tara da hamsin da bakwai, jita nake koyo a Sabon Gari.

Na ji wata ta ce a'uzubillahi. Sannu Hajiya, sha ruwa.

Kuma kada ku ce auren ne ba na so. Ina so, har ina jin kunyar yadda nake so. Abdulmuminu ni na gan shi na ce ya yi min, ba wanda ya tura ni. Malamin makarantar elemantare ne, dogo, mai wushirya, yana zuwa da baƙin kekensa da farar riga 'yar shara da dara ja, ƙamshin Bintu Sudan yana riga shi shiga soro. In ya yi murmushi sai in manta abin da na fito faɗa. Aibinsa ɗaya ne, wa'azi. Mutum ne da in ka ce masa an yi ruwa jiya sai ya jawo maka aya.

Inna ce ta ja min, Allah ya saka mata. Da aka sa rana sai ta ce amaryar da ta iya keken ɗinki ba ta zaman jiran miji ya saya mata allura. Ta kai ni wurin Madam Philomena, telar da ta yi shekaru tana ɗinka mata riguna, wadda lokacin rigimar nan ta shekarun baya a ɗakin Inna ta ɓuya har gari ya lafa. Baba ya yi ta gunaguni, ya ce ɓata lokaci ne, amma ya yarda da matar. Aka haɗa ni da 'yar rakiya, wata tsohuwar gidanmu da kunnenta ya yi nauyi, wadda da mun isa take jingina da bakin shago ta kama gyangyaɗi. Wai ita ce mai tsarona.

Shagon ciki da falo ne. Gaba keke da ƙyallaye da almakashi, ciki gadon ƙarfe, hoton Maryamu a bango, ƙamshin manja da bandar kifi, sai garmaho a kan akwati an rufe shi da farin leshi kamar amarya. Ranar da na lalata hannun riga na uku, Madam ta dafe kai ta ce bari ta sa faifai ko zuciyarta ta huce.

Wani mutum ne yake kuka da Turanci, jita tana amsa masa. Ban ji kalma ko ɗaya ba, amma na gane an yi masa ba daidai ba. Ya faɗi magana, ya sake faɗinta kamar ba a ji ba, sannan ya kawo ta ukun da ta fi ciwo. Tsigar jikina ta tashi.

"Madam, wannan wane irin kiɗa ne?"

"Buluz. Na baƙaƙen Amurka. Lokacin yaƙi mijina Ambrose yana aiki a filin jirgi, su suka koya masa. Shi ya koya min, kafin Allah ya ɗauke shi."

"Ke ma kin iya?"

Ta durƙusa ta jawo wani baƙin akwati daga ƙarƙashin gado.

Abin da ya biyo baya ba sai na ɓata muku lokaci ba. Na roƙa, ta ƙi, na yi kuka, ta ce ubana zai sa a ɗaure ta, na ce ubana ba ya zuwa Sabon Gari. Ta dube ni ta dubi hannun rigar da na kashe, ta ce wataƙila dai akwai abin da hannun nan zai iya a duniya.

"Kawo hagunki. Yanke farcen nan, duka."

Farcen da na yi wata da watanni ina tarawa don lalle. Na yanke.

Wanda bai taɓa danna tsirkiyar ƙarfe ba zai ɗauka wasa ne. Madam ta ce abin ba yawa gare shi ba, kamu uku ne kacal, kana zagaya su cikin taku goma sha biyu, ka dawo inda ka faro. Kamu uku! Na farkon kaɗai sai da ya sa na ga taurari da rana. Yatsa ɗaya nan, ɗaya can, na ukun ya ce shi ba da shi ba. In na kaɗa, maimakon kukan mutumin faifai, sai ka ji kamar an taka kaza. Madam Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni, sai dai in ta fusata takan mai da ni namiji.

"Kai Kulsum! Danna kusa da ƙarfen da ya gitta wuyan jitar! Ba ka ci abinci ba ne?"

Ita ce mai ba ni taku. Sai ta hau keke tana takawa, dogo, gajere, dogo, gajere, kamar ɗingishi, ni kuma in bi ta daga cikin ɗaki. Ƙarar keken tana rufe ta jitar, duk mai wucewa ya ce kai, 'yar Malam Isyaku akwai himma. Yatsuna suka yi bororo, suka fashe, na dinga tsoma su a ruwan gishiri ina cizon mayafi. Suka warke, suka sake fashewa. Ana nan sai kan yatsu huɗun nan suka yi kanta, tauri kamar ƙahon rago, zafin ya tafi. Ranar da na tura tsirkiya sama ta yi min kukan nan na faifai, ajiye jitar na yi na zagaya ɗakin ina rawa, ni jikar limamai.

Za ku ce yaya aka yi ba wanda ya gani a gida. Ai tarbiyya ce ta rufa min asiri. Wa yake miƙa hagu a gidan mutunci? Da dama kake ci, da dama kake bayarwa, da dama kake karɓa. Hagu tana can cikin mayafi, ita da buta. Tun ina ƙarama ake dukana a kan kada in nuna ta, yau ga shi dukan ya yi min rana.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai game da jitar. Gogewar da ke jikinta, inda hannu yake cin fenti, a gefen da bai kamata ba take.

"Ta Ambrose ce?"

"Tasa tana ƙauye wurin ƙaninsa. Wannan ajiya ce. Mai ita bahago ne, a juye ya ɗaura tsirkiyoyin, sai da na warware na mayar miki."

"Waye?"

"Wani Bahaushe, ɗan manyan mutane. Ambrose ne ya koya masa, kuma ya fi Ambrose hannu. Aure zai yi, surukinsa ba ya son kiɗa, shi ne ya kawo ta ya ce ya bari har abada."

Na ja tsaki. "Raggo! Ya iya abu irin wannan ya ajiye saboda tsoron wani tsoho? Allah ya sawwaƙe wa matar da za ta aure shi."

Madam ta sunkuya tana neman zare a ƙasa, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka tari ne.

Tun daga ranar na sa masa suna Raggo. In kamu ya ƙi ni sai in ce Raggo ya bar min baƙin jininsa a wuyan jitar. Har wurin zance na kai shi. Ran nan bayan la'asar na ci kwalliya, atamfa mai ganyen shuɗi, fatala ruwan ƙwai, kwalli har gefen ido, na shimfiɗa wa Abdulmuminu tabarma a soro. Wani mai kukuma ya wuce ta ƙofar gida, sai malam ya girgiza kai.

"Kin ji ko, Ummakulsum? Lagawu ke nan. Abin da yake cinye lokacin bawa, ya bar shi hannu rabbana."

(A raina na ce, da ka san abin da ke cikin mayafin nan, da ka faɗo daga kan tabarma.)

"Malam, in tambaye ka. Mutum ne yake son wani abu kamar ransa, sai ya bar shi don a ba shi mata. Me sunansa?"

Ya shiga murza yatsun damansa. Na daɗe da lura kansu yana saɓa, fata tana ɓarewa, ya ce min alli ne yake cinsu.

"Sunansa mai hankali."

"Ni raggo nake ce masa."

Ya ƙware da yawunsa, sai da na kawo ruwa.

Takutaha ta matso. Gida ya cika da tasoshi da fanteka da kwalla na jere, Inna tana goge su tana min faɗa kan yadda ake zama da dangin miji. Gwaggo Aishatu, yayar Baba, ta iso daga cikin birni da ƙullin lallenta da zunguru biyu, dogayen ƙoren nan da ake zura hannun amarya a ciki in an ƙunsa. Ita ce alwanka, ita za ta sa ni a lalle. Gwaggo mace ce da ko Baba in ta yi magana sai ya ce to Yaya.

Madam ce ta fara tuna min.

"Kulsum, tsofaffin nan hannu biyu suke kamawa, ba ɗaya ba. Ajiye jitar nan yau. Ki dinga shafa man kaɗanya, ki goga dutsen kaushi. In suka gane, ba aurenki kaɗai ba, har shagona."

Na ce to. Kuma wallahi da gaske na ce to. Amma akwai wani ɗan juyi da ake yi a ƙarshen taku na sha biyu, 'yar gangara da take sauko da kai ta maido ka farko. Madam ta ce ita ma ba ta taɓa iya shi da kyau ba, mai jitar ne gwaninsa. Ni kuwa ya ƙi ni ƙiri-ƙiri. In na ɗaga yatsu in sauya wuri sai sautin ya yanke, kamar an toshe wa mai magana baki. Na ce sau ɗaya dai in iya shi, in ajiye. Da daddare in shafa man kaɗanya, da safe in je in danna ƙarfe. Ku faɗa min wace kanta ce za ta tafi a haka.

Sai ranar kwalbar turare. Abdulmuminu ya kawo min Bintu Sudan ya ajiye a bakin dakalin soro, yana tsakiyar ba ni labarin haƙƙin miji a kan mata. Akuyar maƙwabta ta faɗo a guje, yara na binta, ta bangaji dakalin. Kwalba ta taho ƙasa. Kafin in ce wayyo, caraf, ya cafe ta.

Da hagu.

Ya yi maza ya mayar da ita dama, ya waiga kamar wanda ya yi sata. Kun san yadda ake yi wa bahago a garin nan. Tun yana yaro ake ɗaure masa hannun, a buge shi da ludayi a bakin akushi, a zane shi a makarantar allo, har ya koyi ci da rubutu da dama, kowa ya manta. Na dubi hagun da ya ɓoye a hannun riga. Na dubi yatsun dama masu saɓa. Ni da na san yadda kanta take, na yarda wai alli ne!

Washegari ko mayafi ban cire ba na tsaya a kan Madam.

"Dogo ne? Mai wushirya? Baƙin keke?"

Ta tsayar da keken ɗinki. "Ni ban faɗa ba."

"Kin sani! Tun yaushe?"

"Tun ranar da Innarki ta kawo ki ta faɗi sunan angon."

"Kika bar ni ina zaginsa?"

"Kina jin daɗi, me zai sa in hana ki? Ajiya ya ba ni. Wa ya fi matarsa dacewa ta riƙe masa?"

Na zauna a bakin gado na rungume jitar. Haushi nake ji, dariya tana cina, kuma wani sabon sonsa yana taso min, duk a lokaci guda. Mutumin da yake min wa'azin lagawu, ashe kansa yake yi wa.

Zuwansa na ƙarshe kafin lalle, na ɗebo ruwa a randa cikin moɗa, na shiga soro. Na durƙusa yadda aka koya min. Sannan na fito da hannun da ba a miƙawa, na miƙa masa.

Ya zaro ido. "Ummakulsum! Da hagu?"

"Karɓi, Malam. Ai 'yar'uwar taka ce."

Na ajiye moɗar, na buɗe tafin a gabansa. Shatin tsirkiyar safiyar nan yana nan kwance a kan yatsu huɗun. Ya daɗe yana kallo.

"A ina?"

"Wurin Madam. A jitar wani raggo."

Ya rufe fuska da hannu biyu. Na ɗauka faɗa zai yi, sai na ji yana dariya, irin wadda ba ta da nisa da kuka.

"Kin san yadda aka kama ni? Ranar da na zo gaishe da Baba. Na ba shi hannu, sai ya riƙe bai saki ba. Ya bi kan yatsuna da babban yatsansa, ɗaya bayan ɗaya. Kin manta aikinsa? Shi yake kama yatsun mutane ya dangwala musu tawada a kotu. Rabin Kano sun bi ta hannunsa. Ya san yatsan maƙeri, ya san na baduku, ya san na mai garaya. Ya ce, wannan kantar tsirkiya ce, 'yata ba za ta shiga gidan makaɗi ba. Da ni ba bahago ba ne, da kantar tana hagu irin ta kowa, da har yau bai sani ba."

"Sai ka ce ka bari."

"Sai ya sauko da Alƙur'ani. Kin san Baba ba ya barin ƙofa a rantsuwa. Ba zan sake taɓa jita ba. Ba za a kaɗa ta a gidana ba. Ba zan koya wa kowa ba. Na dafa na faɗa." Ya dube ni. "Ina cikin aji yatsuna suna tafiya a kan cinyata, yara suna kallo. Shekara tara ina tare da ita, Ummakulsum. Aka ce ita ko ke. Na ce ke."

Jama'a, an taɓa zuba muku ruwan sanyi a ƙeya? Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

"Don Allah ki bari," ya ce. "Ki goge kantar nan kafin Gwaggo ta kama ki. In Baba ya gani, shi ke nan ni da ke."

"Zan bari. Wallahi zan bari. Juyin ƙarshen nan ne kawai ya ƙi ni. In na ɗaga yatsu sai ya yanke. So nake in iya shi sau ɗaya, in san na iya, sannan in ajiye."

"Astagfirullah," ya ce, ya miƙe ya zura takalmi.

Ya fitar da keke. A bakin ƙofa ya durƙusa yana gyara sarƙar da ba abin da ya same ta, ya ba ni baya. Can ƙasa-ƙasa, kamar da keken yake magana, na ji ya ce:

"Ba ɗagawa ake yi ba. Zamewa ake yi, ƙarfe ɗaya-ɗaya. Ki bar siririyar ta ƙasa a sake tana amsawa."

Ya haye keke ya taka kamar an biyo shi.

Da safe na gwada. Na zame, na zame, na zame, siririyar tana amsawa, sai ga ni na sauko na dawo farko sumul, ba yankewa. Madam ta bar keke ta leƙo, ta yi alamar gicciye ta ce haka yake yinsa, haka dai. Na sake. Na kuma sakewa. Na yi ta yi har aka kira azahar, tsirkiya ta nutse a yatsuna. Sannan na goge jitar da gefen zanena, na kwantar da ita a akwati, na ce mata mu kwana nan. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Amma na fito da niyyar gaskiya, daga yau sai man kaɗanya da dutse, ai da sauran kwanaki.

Na manta ba a faɗa wa amarya ranar kamu. Ina sa ƙafa a tsakar gida aka feso min turare a fuska, guɗa ta tashi, mata suka yi min caa. Gwaggo ta riƙe ni ta baya tana cewa an kama, an kama. Kukan da ake so amarya ta yi, ni ba sai an roƙe ni ba.

Aka zaunar da ni a sabuwar tabarma, ga ƙwaryar lalle an kwaɓa, ga zunguru. Gwaggo ta kama dama, ta shafa, ta yaba. Ta ce kawo ɗayan. Na noƙe. Ta fizgo shi daga cikin mayafi, ta buɗe, ta tsaya. Ta latsa kan yatsa ɗaya. Ta latsa na biyu.

Na ce shi ke nan, Uwani, taki ta ƙare.

"La'ilaha illallahu! Ku zo ku ga hannu!"

Mata suka rufu.

"Ku taɓa ku ji! Allura ta cinye yatsun yarinya! Ko farce babu! Wannan ita ce 'ya, ba irin 'yan yanzu masu tara farce kamar shaho ba. Uwani, haka kika ba ɗinkin nan ranki?"

Aka sake rangaɗa guɗa. Wata ta ce mijinta ya huta da zuwa wurin tela. Wata ta ce a kawo 'yarta ta taɓa ko ta yi koyi. Inna tana gefe tana share hawayen alfahari. Ni da har yau ban haɗa hannun riga ɗaya ya zauna daidai ba! Na sunkuyar da kai ina ta hamdala a zuci, ina cewa Allah na gode, na tsallake.

Sai Gwaggo ta miƙe, hannuna yana cikin nata.

"Ina Isyaku? Shi da ya ce tura ki Sabon Gari ɓata lokaci ne. Tashi mu je ya gani da idonsa, kafin lalle ya rufe."

"Gwaggo, don Allah, kunya nake ji..."

"Kunyar me? Abin arziki kika yi."

Na turje, na roƙa, na ce cikina yana ciwo. Wa ya isa ya ƙwace daga hannun Gwaggo Aishatu? Ta ja ni har ɗakin Baba. Yana zaune a kan buzu, tabarau a hanci, ya dawo daga kotu ko rawani bai warware ba. Ya ɗago ya yi murmushi.

"Yaya, lafiya? Uwata, an kama ki ke nan?"

"Taɓa nan ka ji. Taɓa, ka ji abin da ɗinki ya yi wa 'yarka, sannan ka sake cewa ɓata lokaci."

Rabon da Baba ya riƙe hannuna tun ina rarrafe. Ya karɓe shi yana dariya, don ya faranta wa yayarsa. Ya ɗora babban yatsansa a kan na farko. Dariyar ta tsaya. Ya matsa na biyu, a hankali. Na uku. Na huɗu. Ya juya hannun wajen haske ya dubi shatin da ke kwance a kai.

"Yaya, ɗan ba mu wuri. A dakata da lallen."

"A dakata? Ka san abin da kake..."

"A dakata."

Ban taɓa jin ya katse ta ba sai ranar. Ta fita tana waige.

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga. Ya saki hannuna ya cire tabarau ya ninke.

"Na ba yaron nan amana. Ya dafa littafin Allah a ɗakin nan."

"Baba, wallahi ba shi ba ne! Bai ma san ina yi ba, ni ce na je na roƙa, ni kaɗai..."

"Ke."

Bai ce Uwata ba.

"Ba na son dogon bayani, na saba jinsa a kotu. In ba hannunsa a ciki, laifinki ne ke kaɗai, ni da ke ne, aurenku yana nan. In da hannunsa, mai karya rantsuwa ba zai zama surukina ba. Kina da alwala?"

Na gyaɗa kai. Ya miƙa hannu ya sauko da gafakar Alƙur'ani daga jikin bango, ya buɗe, ya ajiye a gabana.

"Abu ɗaya zan tambaye ki. Abdulmuminu ya taɓa koya miki wani abu na kiɗan nan? Ko da kalma ɗaya ce."

A tsakar gida wata da ba ta san an dakata ba ta sake sakin guɗa. Ni kuwa ba abin da nake gani sai bayansa a bakin ƙofa, ya durƙusa yana gyara sarƙar da ba ta lalace ba.

Jama'a, da raggon gaske ne, da tuni na dafa na rantse hankalina kwance.